An ce ƙanina yana da sankarar jini, shin da gaske akwai magani?

Bazazzagi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya san abin nan ya taimaka mini da bayani, kaina ya kulle. Ƙanina ne, shekararsa 34, tela ne, yana da mata da yara uku. Wajen wata bakwai ke nan yana ta rama, ga gumin dare har sai an sauya masa riga, in ya yi loma uku sai ya ce ya ƙoshi. Maganin taifot kam mun yi ya fi sau huɗu. Makon jiya wani likita ya danna masa ciki ta hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, ya ce saifarsa ta kumbura ta sauko har kusa da cibiya. Da aka yi gwajin jini, fararen ƙwayoyin jininsa sun haura 200,000, alhali an ce na mai lafiya ba sa wuce 11,000. A takardar an rubuta CML da alamar tambaya, aka tura mu asibitin koyarwa. Tun da Inna ta ji kalmar sankara ta daina cin abinci. Kawunmu kuma ya ce kada mu zubar da kuɗi, a mayar da shi gida a duƙufa da addu'a. Ni kuwa na ji an ce akwai wata ƙwaya da ake sha. Gaskiya ne, ko kwantar mana da hankali kawai ake yi?

Hajiya Babba: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Ɗana, ni ba zan ɓoye maka ba, jikana wannan ciwon ne ya ɗauke shi, wata biyu kacal tsakanin ganewa da rasuwa. Leda goma sha ɗaya ta jini aka ƙara masa. Har yau in na ga wandon makarantarsa sai na yi kuka. Ku yi haƙuri, ku kuma shirya zukatanku.

Likitar Jini: Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya jiƙan yaro, ya sa mai ceto ne, ya ba ku dangana. Amma ranki ya daɗe, ina roƙon ki ba ni dama in raba zancen gida biyu, don kada Bazazzagi ya auna ƙaninsa da ma'aunin da ba nasa ba.

Abin da muke kira sankarar jini suna ne guda da aka lulluɓe cututtuka masu yawa da shi. Akwai masu gaggawa, waɗanda cikin makonni suke cika ɓargo su hana shi yin jini. Daga yadda Hajiya ta kwatanta, irinsu ce ta kama jikanta. Akwai masu tafiyar hawainiya, da mutum zai yi shekara yana yawo da su bai sani ba. Akwai na kaluluwa, akwai wadda take cin ƙashi. Kowacce da maganinta, kowacce da yadda take ƙarewa. Saboda haka tambayar farko da ya kamata dangi su yi wa likita ita ce: wace iri ce, mene ne cikakken sunanta?

In har gwaji ya tabbatar CML ce, wato ɗaya daga cikin masu tafiyar hawainiyar nan, to ita ce wadda bincike ya fi juya labarinta a cikinsu duka. A 1960 wasu masana biyu a birnin Filadelfiya na Amurka, Peter Nowell da David Hungerford, suka lura cewa masu wannan ciwo suna da wani kuromosom guntu da ba a gani a jikin masu lafiya (kuromosom shi ne zaren da yake ɗauke da ƙwayoyin gado a jikin mutum). A 1973 Janet Rowley ta gano yadda abin yake faruwa: kuromosom na 9 da na 22 ne suke karyewa su yi musayar gutsure. A mahaɗar sai a sami wata sabuwar ƙwayar gado, BCR-ABL, wadda take aiki kamar makunnin lantarki da ya maƙale a kunne, ɓargo ya yi ta zubo fararen ƙwayoyi ba tsayawa. Rarar da ta taru ce take kumbura saifa, saifar ta danne tumbi, shi ya sa yake ƙoshi da loma uku.

Ƙwayar da ka ji labari sunanta imatinib, an fi saninta da Glivec. Ita makunnin nan take toshewa. Brian Druker ya fara gwada ta a kan marasa lafiya a 1998, kuma cikin mutum 54 da suka sha isasshen awo, jinin 53 ya koma daidai. A 2001 aka amince da ita a Amurka. Babban binciken da ya biyo baya, mai suna IRIS, ya ɗauki mutum 1,106, kuma bayan shekara goma kusan kashi 83 cikin 100 na waɗanda aka fara wa da imatinib suna raye. Kafin zuwanta, yawancin masu ciwon ba sa wuce shekara uku zuwa shida.

Ba zan iya tabbatar maka da ciwon ƙaninka daga nan ba. Sai an yi gwajin BCR-ABL ɗin, a kuma duba matakin da ciwon yake. Ku je asibitin da aka tura ku a wannan makon, kada ku jira.

Bazazzagi: Allahu Akbar. Likita, Allah ya saka da alheri. Wallahi na karanta wa Inna a bayyane, ta sa na maimaita mata wurin shekara goman nan sau biyu.

Malamin Sakandare: Likita, ina girmama iliminki, amma akwai abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya game da irin waɗannan alƙaluma. Kashi 83 ɗin nan a ina aka ƙirga shi? A Turai da Amurka, inda mara lafiya yake da inshora, ga lantarki, ga gwaji duk wata uku, ga magani ba ya yankewa. Mu kuwa mutum sai ya sha maganin taifot sau huɗu kafin a taɓa masa ciki. Na yi jinyar abokin aikina, na ga yadda aka sayar da gona da babur, daga ƙarshe aka dawo da gawa ga kuma bashi. In kika ce wa talaka kashi 83, zai sayar da gidansa ne a kan lissafin da ba da shi aka yi ba. Ni ina ganin kawun nan nasu ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba, abin da idonsa ya gani ne.

Mai Shan Ƙwaya: Malam, bari ni in amsa maka, don ni ce lissafin da kake cewa ba a yi da mu ba. Shekarata tara ke nan ina shan imatinib. Lokacin da aka gano nawa, cikina ya yi girman da maƙwabta suka fara yi mini barka, sun zaci juna biyu ne. Ban sayar da gida ba. Likitana ya rubuta mini takarda zuwa asibitin koyarwa na Ile-Ife, inda tun 2003 ake bai wa masu CML wannan magani kyauta ta hanyar shirin tallafi na kamfanin da yake yin sa tare da gidauniyar Max. Abin da na kashe shi ne kuɗin mota da na gwaje-gwaje, kuma ba zan ce kaɗan ba ne, tafiyar kwana ce daga nan. Na sha kwana a tasha da jakata a ƙarƙashin kai. Amma cikin wata biyu saifar ta koma, na daina gumin dare, na koma sana'ata ta ƙuli-ƙuli. 'Yata da take aji uku na firamare a lokacin, bana na aurar da ita da hannuna.

Bazazzagi, ga abin da ba za ka gani a takarda ba. Maganin yana sa fatar ido ta kumbura da safe, yana sa jijiyar ƙafa ta ɗaure da dare, kuma in aka sha shi da yunwa yana tayar da zuciya. Ni sai na ci tuwo na ƙoshi nake haɗiye shi da ruwa kofi guda cike. Sannan yana sa baƙar fata ta yi haske. Ni har gulmata aka yi a unguwa wai na fara shafe-shafe da tsufana, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Ku gaya wa matarsa tun yanzu don kada maganar mutane ta sa ya ajiye magani.

Likitar Jini: Yaya, na gode da kika fito kika yi magana, bakinki ya fi nawa nauyi a nan. Hasken fatar nan sananne ne, an rubuta shi a binciken da aka yi a kan baƙaƙen fata, kuma ba alamar wata sabuwar cuta ba ce.

Malam, rabin maganarka na karɓa hannu biyu. Gaskiya ne sakamakonmu bai kai nasu ba, kuma dalilan a fili suke: mutanenmu suna zuwa a makare, gwajin bibiya yana da tsada, magani yana yankewa. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce a ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba a kai kashi 30 ba. Shi ya sa a 2018 ta kafa burin a kai kashi 60 a duniya baki ɗaya zuwa 2030. Inda na rabu da kai shi ne ka ce lissafin bai shafe mu ba. Kuromosom ɗin Bahaushe da na Bature iri ɗaya suke karyewa, ƙwayar kuma iri ɗaya take aiki a jikinsu. Tazarar da ke tsakaninmu a kan hanya take, tsakanin gida da asibiti, kuma wani ɓangare na wannan hanyar yana hannun dangi.

Akwai binciken da aka yi a asibitin Hammersmith na Landan, aka wallafa a 2010. Sun sa wa kwalaben maganin murfi mai ƙirga duk buɗewar da aka yi. Sai suka ga waɗanda suke tsallake fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyinsu, wato abin da ya haura kwana uku a wata, sakamakonsu ya faɗi warwas in aka kwatanta da masu sha kullum. A Landan ke nan, inda magani ba ya yankewa. To ina ga wanda zai ajiye na wata biyu saboda ya ji sauƙi?

Malamin Sakandare: Na ji, kuma na yarda CML daban take. Amma abokin aikina ba ita ce ta kama shi ba, AML aka ce. Ita kuma fa? Kada mu ɗauki mafi sauƙin cikinsu mu yi ta yi wa mutane albishir da ita.

Likitar Jini: Allah ya jiƙansa. A nan kam ba ni da albishir mai yawa, kuma ba zan ƙirƙira ba. AML, ɗaya daga cikin masu gaggawar nan, tana cikin masu wuya har a Turai da Amurka. Haɗin kemo (magungunan kashe ƙwayoyin sankara) da ake kira bakwai da uku, wato magani ɗaya na kwana bakwai, ɗaya na kwana uku, tun 1973 ake amfani da shi, kuma har yau shi ne ginshiƙi ga masu ƙarfin jiki. Yana share ɓargo gaba ɗaya, mutum ya yi makonni ba garkuwar jiki, yana buƙatar jini da ƙwayoyin tsayar da zubar jini kusan kullum. Inda babu wadataccen bankin jini, jinyar kanta tana iya kisa. Ga tsofaffi, binciken da aka wallafa a 2020 ya nuna haɗa venetoclax da azacitidine ya ɗaga matsakaicin rayuwa daga wata 9.6 zuwa wata 14.7. Ci gaba ne, amma ka ga da watanni ake ƙirga shi. Dangin da likita ya zaunar ya gaya musu gaskiyar AML, suka zaɓi a rage wa mara lafiya raɗaɗi a gida cikin iyalinsa, ni ba zan zarge su ba. Abin da nake roƙo kawai, a yanke wannan shawara bayan an san sunan ciwon.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Ni tambayata a kan maganin gargajiya ce. Na taɓa ji a rediyo cewa a ƙasar Sin da maganin gargajiyarsu suka warkar da wata sankarar jini. In haka ne, me ya sa likitocinmu suke hana mutane sassaƙe da saiwoyi? Mu ma Allah ya hore mana itatuwa.

Ɗalibin Lab: Kawu, labarin da ka ji gaskiya ne, amma ƙarshensa ne ya fi muhimmanci. Ciwon sunansa APL, wani reshe ne na AML, da can yana kashe mutum cikin kwanaki ta hanyar zubar jini. A shekarun 1970 likitoci a birnin Harbin, cikinsu har da Zhang Tingdong, suka bi diddigin wani haɗin gargajiya, suka gano abin da yake aiki a cikinsa sinadarin arsenik ne, wanda guba ne tsantsa. Suka ware shi daga sauran tarkacen, suka auna adadin da jiki zai ɗauka, suka gano wace sankarar yake yi wa aiki. A Shangai kuma Wang Zhenyi ya gwada ATRA, dangin bitamin A, a shekarun 1980. Daga baya aka haɗa biyun, aka yi gwaji a Italiya da Jamus, aka wallafa a 2013: bayan shekara biyu kashi 97 cikin 100 na waɗanda aka bai wa haɗin suna lafiya ciwon bai dawo ba, kuma ba tare da kemo na al'ada ba. Da a ce an ci gaba da ba da shi a ƙoƙo ba awo, da mutane ya kashe. Kuma bai yi wa sauran nau'o'in irin wannan aikin ba.

Itatuwa kam suna cikin maganin asibiti tuntuni. Vincristine da ake yi wa yara masu sankarar jini daga wani fure ɗan asalin Madagaska aka samo shi, irin wanda ake shukawa a ƙofar gida don ado.

Ɗan Maraɗi: To ai ka ga maganata ta fito. Sai a gwada namu su ma.

Ɗalibin Lab: A gwada su a ɗakin bincike, ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Abin da nake tsoro shi ne a gwada su a jikin ƙanin Bazazzagi alhali ga maganin da aka riga aka tabbatar. Muna ganin sakamakon gwajin ƙoda da hanta na waɗanda suka yi wata uku suna shan jiƙo kafin su zo, wani lokaci sai an fara jinyar ƙodar kafin a taɓa sankarar.

Hajiya Babba: Mu ma sai da muka yi wata guda ana cewa sammu ne, ana turare. Da na san haka... Allah ya yafe mana.

Sista Mai Ritaya: Hajiya, kada ki ɗora wa kanki. Kin yi abin da kika sani a lokacin, kuma kwana in ya ƙare ba mai ƙara shi. Na yi shekara ashirin da shida a ɗakin yara, na ga iyayen da suka zo a ranar farko suka rasa, na ga waɗanda suka zo a makare Allah ya raya musu.

Tunda ana maganar bincike, ina so matasan gidan nan su san cewa ba kullum daga waje ake kawo mana ilimin nan ba. Akwai sankarar kaluluwa da take kumbura wa yara muƙamuƙi ko ciki, fuska ta karkace, haƙora su yi ta girgiɗi. Denis Burkitt ya bayyana ta a Yuganda a 1958, shi ya sa take ɗauke da sunansa. Ta fi yawa a inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kuma daga ƙullutun wata yarinya 'yar Afirka aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964. Cikin waɗanda suka fara nuna cewa allurar kemo tana narkar da ita akwai Farfesa Victor Ngu, ɗan Kamaru, da ya yi aikinsa a Ibadan, har ya sami lambar yabo ta Lasker a 1972 tare da Burkitt da wasu. Da idona na ga yaron da aka kawo ido ɗaya ya rufe saboda kumburi, aka sa masa cyclophosphamide ranar Litinin, kafin Juma'a yana cin ƙosai da bakinsa. Abin da ya fi karya mini zuciya a aikin nan shi ne wannan saurin sauƙin. Uba zai ga fuska ta koma, ga damina ta kama, sai ya ɗauke yaro kafin a gama zagayen allurai. Bayan wata biyu a dawo da shi, ciwon ya dawo da ƙarfin da allurar ba ta iya masa.

Uwar Biyu: Sista, kamar da ni kike. Ɗana yana da ALL, sankarar jinin nan mai gaggawa da ta fi kama yara, shekararsa shida, muna wata na goma sha huɗu a jinya. An ce mana sai mun yi sama da shekara biyu. Gashinsa ya zube ya sake fitowa, yanzu har ƙwallo yake bugawa a tsakar gida, kuma dangin babansa sun fara cewa wahalar da shi kawai nake yi da allurar baya. Likita, don Allah mene ne amfanin allurar bayan nan, tunda a jini ciwon yake? Duk ranar da za a yi ta sai mun riƙe shi mu uku.

Likitar Jini: Maman yara, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ki lada. Ki riƙe allurar nan da kyau, tana cikin abubuwan da suka mayar da ALL ciwon da ake warkewa. A 1948 Sidney Farber a Boston ya nuna magani yana iya kwantar da ciwon, amma sai ya dawo cikin watanni. A shekarun 1960 Donald Pinkel da abokan aikinsa a asibitin St. Jude na Memfis suka gane ɗaya daga cikin dalilan: ƙwayoyin ciwon suna ɓuya a ruwan da ya kewaye ƙwaƙwalwa da laka, inda maganin da aka sa a jijiya ba ya isa sosai. Jini zai nuna tas, alhali iri yana can a ɓoye. Da aka fara bin su har maɓoyarsu, aka kuma tsawaita jinya zuwa shekara biyu da wani abu, sai yara suka fara warkewa. Yau a ƙasashen da ake kammala jinyar, kusan yara tara cikin goma suna haye shekara biyar. Ƙwallon da yake bugawa alama ce magani yana aiki, watannin da suka rage kuma su ne na kashe abin da ido ba ya gani. Ki nemi likitansa ya zauna da babansa da kakansa ya yi musu wannan bayanin da bakinsa, sau da yawa dangi sun fi jin ta likita. Ki kuma tambaya ko akwai abin rage zafi ko na sa barci da za a riƙa ba shi kafin allurar.

Uwar Biyu: Na gode Likita. Zan nuna wa babansa wannan da daddare in ya dawo.

Ɗan Zongo: Gaisuwa daga Kumasi. Mahaifina shekara biyu yana fama da ciwon baya, ana ta cewa sanyin ƙashi ne da tsufa, sai da ƙashin hannunsa ya karye yana ɗaga bokitin alwala kafin aka gano myeloma ce, wato sankarar ɓargo mai cin ƙashi. Da na shiga karatu a kai sai na ga a Amurka baƙaƙen fata sun ninka farare wajen kamuwa da ita. Har a nan Gana an yi bincike a Accra, aka wallafa a 2007, aka gwada jinin maza sama da 900, aka ga alamar farko da take gabatar ciwon ta kusan ninka ta fararen Amurka. Abin da ya dame ni, ciwon ya fi kama mu, amma a gwaje-gwajen sababbin magunguna mu ne 'yan kaɗan. Baba yana kan thalidomide da bortezomib yanzu, ya tashi yana zuwa masallaci da sanda. An gaya mana ba warkewa ake yi ba, danne ta ake yi, mun kuma gode wa Allah da hakan. Duk mai dattijo da ciwon baya ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga ƙarancin jini, ga ƙoda tana ba da matsala, a roƙi likita ya duba wannan.

Malamin Sakandare: Wannan batu na Ɗan Zongo shi ne asalin abin da nake nufi. A riƙa yin binciken da mu, a asibitocinmu, a ƙirga namu matattun da namu rayayyun. Ina karanta labarin CAR-T, inda ake ɗebo sojojin jinin mutum a sauya musu halitta a mayar masa. A cikin yara, an fara yi wa wata yarinya 'yar shekara shida a Filadelfiya a 2012, ta tashi. Da aka amince da shi a 2017 kuɗinsa dala 475,000. Wa zai biya wannan a cikinmu?

Ɗalibin Lab: Ba kowa, Malam. Amma Indiya ba ta tsaya kallo ba, ta ƙera nata a Mumbai, aka amince da shi a 2023, kuma kuɗinsa wajen kashi ɗaya cikin goma ne na na Amurka. Har yanzu ya fi ƙarfin talaka, sai dai ya nuna farashin farko ba shi ne na ƙarshe ba. Dashen ɓargo ma da ana ganin sai Turai, amma a 2011 an yi na farko a Najeriya a asibitin koyarwa na Benin, ga wani mai sikila. Ni abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa ƙarami ne: na'urar GeneXpert da ake gwajin tarin fuka da ita a asibitoci da yawa, ita ma tana iya auna BCR-ABL in an sami kwanson gwajin. Injin yana nan a ƙasa, kwanson ne yake da tsada da wuyar samu.

Mai Shan Ƙwaya: Likita, tunda an zo nan, ni ma ina da tawa. Na ji an ce wasu suna daina shan maganin. Shekara tara ba wasa ba, wani lokaci in na ga ƙwayar sai raina ya ɓaci.

Likitar Jini: Yaya, gaskiya ne ana dainawa, amma da sharuɗɗa masu tsauri. Binciken STIM da aka yi a Faransa, aka wallafa a 2010, ya dakatar da maganin ga waɗanda gwajin PCR, mai auna ragowar BCR-ABL, ya daina ganin ciwon a jininsu na aƙalla shekara biyu. Kusan huɗu cikin goma suka zauna lafiya ba magani. Sauran shida ciwon ya dawo, yawanci cikin wata shida na farko, amma da yake ana auna su duk wata, an gani da wuri aka mayar da su kan ƙwayar, ta kuma sake kamawa. Wato duk dabarar a kan gwajin take. Wanda ba zai iya yin PCR duk wata ba a farkon dainawa, ba shi da fitilar da zai ga dawowar ciwon, sai ya ji a jikinsa, lokacin kuma wataƙila ya rikiɗe zuwa mai gaggawa. Yaushe rabonki da PCR?

Mai Shan Ƙwaya: Ya kai shekara biyu. Ƙirgen jini kawai nake yi, shi kuma kullum lafiya lau.

Likitar Jini: To kada ki ajiye ko ta kwana ɗaya a kan ƙirgen jini, shi ba ya ganin ragowar. Ki tara kuɗin PCR ki yi, ki kai wa likitanki sakamakon, ku yi maganar dainawa da shi in lambar ta ba da dama.

Bazazzagi: 'Yan uwa, na dawo da labari. Jiya muka je, likitan jini ya gan shi, an ɗebi jini don gwajin BCR-ABL, an kuma ɗebi ɓargo ta ƙashin ƙugu. Ya ce sai nan da kwana goma sakamako zai fito. Kafin nan an ba shi hydroxyurea don a rage yawan fararen ƙwayoyin, da wani na kare ƙoda, an ce ya riƙa shan ruwa sosai. Kawu ne ma ya raka mu, shi ya riƙe masa hannu lokacin ɗibar ɓargon, da muka fito ya ce in kuɗin gwajin bai cika ba a sayar da ragonsa. Hajiya Babba, Inna ta ce in gaishe ki, ta sa jikanki a addu'a. Yaya Mai Shan Ƙwaya, in ba damuwa zan tura miki lambar matarsa ta akwatin sirri, tana so ta ji daga bakinki yadda ake shirin tafiya Ife da takardun da ake riƙewa.

Mai Shan Ƙwaya: Turo, ƙanina. Ta kira ni bayan isha'i, lokacin na sauke kasko. Ku adana asalin takardar sakamakon, ku yi mata kwafi uku tun kafin ku tashi.